Takarduna a Gindin Jirgin Kawu

Abin da na fara gani da na sauka bakin gulbi a Malanbil shi ne wani tsoho yana zubar da ruwa. Ya cika bokiti, ya watsa bisa katakon jirgi, ya tsaya yana kallon ruwan yana gangarewa, ya sake cikawa ya sake watsawa. Ruwan da ba a ko wanke hannu cikinsa ba. A gidanmu can Barmu wannan ruwa ya isa girki da alwalar Baba, har a rage wa awaki. Na tsaya da ƙullin kayana bisa kai ina jiran wani ya tsawata masa. Ba wanda ya ko waiwaya. Nan take na raina mutanen wurin, tun ban san sunan kowa ba.

Karatu ya kawo ni ƙasar Benin. Na ci jarrabawar birebe ta gama ƙaramar sakandare, amma lise, wato babbar sakandare, tana Tawa, mu kuwa ba mu da gidan da zan sauka a can. Da Kawu Ila, ƙanen innata, ya zo gida da Sallah, sai ya ce wa Baba a ba shi ni. Ya ce lise tana bayan gidansa, shi kuma kafiten ne, yana da jirgin ruwa mai ɗakunan kwana kamar otel. Inna ta yarda, don ɗan'uwanta ne. Ba wanda ya tuna da Rabi, ɗiyar yayar innata, wadda ya ɗauka shekara biyu da suka wuce da irin wannan alkawari. Ta dawo da hannuwa duk sun tsage, ba ta son a yi mata zancen lekol, wato makaranta. Mutanen gari suka ce ai dama ba ta da kai.

Ranar da zan taso malaminmu, Mushe Abdu, yadda muke kiran malamin boko da faransanci, ya miƙo mini takardu uku cikin kwali: takardar haihuwa, shaidar birebe, da takardar maki. Ya ce, "Mariyama, kada ki saki waɗannan ga kowa sai direktan lise, hannu da hannu. In sun ɓace, kafin a ba ki wasu shekara ta wuce ki." Inna ta naɗe kwalin cikin kallabinta. Leda guda gare mu mai kauri, cikinta kuma muka sa cukun da za a kai wa Kawu tsaraba, don kada ƙura ta shiga.

Otel ɗin Kawu jirgin katako ne mai rumfar kwano. Ɗakunan kwanan biyu ne, kowane da kaɗan ya fi akurkin kaji. A tsakiya akwai tebur da benci, a baya wurin girki, sai wani ɗan lungu mai labule inda aka huda katako, wai shi ne makewayi. Cikin gulbin yake zuba, gulbin da tsohon nan ke ɗibar ruwan wanke jirgi.

Kawu ya fito da farar hula mai tambari, da madubin hangen nesa rataye a wuya. Na lura gilashin ido guda ya fita, rami ne kawai.

"A'a, ɗiyar Hajara! Kin iso? Madalla, kin zo daidai. Yau baƙi gare mu, manyan mutane daga Kotonu."

Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa cukun. Ya karɓa bai tambayi lafiyar Inna ba. Kwana biyu na yi a mota, leɓena ya bushe har ya fashe. A Adar ko maƙiyinka ya tsaya ƙofar gidanka, ruwa ake fara miƙa masa kafin a ji abin da ya kawo shi. Nan ga mutane zaune bisa ruwan da ba a hango ƙarshensa, amma ba wanda ya miƙo mini ko moɗa guda. Ni kuma ba a koya mini roƙo ba.

"Kawu, lekol ɗin..." Muryata ko ni da ƙyar na ji ta.

"Lekol ba ta gudu. Ina takardun? Kawo in aje miki."

"Suna can ƙasan ƙulli, Kawu."

"To, in an jima. Ɗauki tsumma ki goge tebur."

Ina gogewa sai teburin ya girgiza. Na duƙa, na ga an ninke wata takarda an tokare gajeriyar ƙafarsa da ita. Na san irin wannan takarda, mai layuka da akwatuna. Na ɗaga ƙafar a hankali na zaro ta. Takardar makin Rabi ce. Maiƙo ya cinye rabinta, amma ana iya karantawa. A lissafi ta fi ni nesa ba kusa ba. Rabin da aka ce ba ta da kai.

Na mayar da ita inda take. Na wuce wurin girki, na tarar mai dafuwa ta sauka sayen kifi. A lungu na taka wani katako ya motsa. Na ɗaga, na ga rami mai duhu a ƙasansa. Na sa hannu na shafa, a bushe yake, sai ɗan sanyi. Raina ya kwanta. A wurinmu abu mai daraja ƙasa ake kai shi. Inna ta binne tukunyar awarwaronta a ƙarƙashin gado, can iska ba ta ɗauka, wuta ba ta kai, akuya ba ta ci, ɓarawo bai gani. Na tura kwalin da kallabinsa can ciki, na mayar da katako, na ɗora kwandon albasa a kai. Har na ɗan yaba wa kaina.

Baƙin huɗu ne: wata Madam mai baƙin gilashi da ya rufe rabin fuskarta, mijinta, da abokansu biyu da ban taɓa ganin idonsu ba, don ba su ɗaga kai daga waya. Kafin su hau, Kawu ya jawo ni, ya naɗa mini wani shuɗin ƙyalle a ka, ya rataya mini sarƙar gwangwani. Naɗin ma irin na maza ya yi mini. Da Buzayen da muke maƙwabtaka da su sun gan ni, da dariya ta kayar da su.

Da faransancinsa mai tuntuɓe ya gaya wa baƙin wai ni ɗiyar Buzaye ce daga tsakiyar hamada, ubana raƙuma ɗari gare shi, yau na fara ganin ruwa. Baba jaki guda gare shi, shi ma yana ɗingishi.

Madam ta sauke gilashi ta dube ni kamar kayan kasuwa. "Tana jin abin da muke faɗa?"

"Ko kalma guda," in ji Kawu.

"Kaico. Dubi idonta, ba komai cikinsu sai rairayi."

Shekara uku ina zuwa ta ɗaya a faransanci a ajinmu. Na sunkuyar da kai, na gyara kurakurai biyu da Kawu ya yi a cikin zuciyata.

Injin ya tashi, muka bar gaɓa. Sai na gane tsohon nan mai zubar da ruwa, Baba Hima, shi ke tuƙi. Yana zaune can baya, hannu guda bisa sandar inji, yana duban launin ruwa. Kawu kuwa yana tsaye gaba yana nuna hagu da dama da hannu, bayan jirgin ya riga ya juya. Da iska ta ɗaga rigarsa na hango rigar ceto ɗaure a ciki. Kafiten bai iya ruwa ba.

Zangonmu na fari wani tsibirin masunta ne. Mata na wanki a bakin ruwa, baƙin suka miƙe suna ɗaukarsu hoto ba ko sallama. Wata tsohuwa ta juya musu baya ta tofar da yawu. Ita kaɗai na ji ina so a tsibirin nan. Madam ta miƙa ƙafa ta taɓa taɓo, ta yi ƙara, ta dawo ta buɗe kwalbar ruwan sha ta kwarara a yatsunta har ta ƙare. Ina kallon ruwan yana bin katako, maƙogwarona na motsi shi kaɗai.

Zango na biyu wurin dorina ne, abin da aka ce su suka zo gani. Kawu ya kafa madubinsa mai ido guda, ya daka tsawa, "Ga ta can! Uwar garke!" Duk suka ruga gefe guda har jirgin ya karkata. Wani baƙin abu ne a tsakiyar ruwa. Suka yi ta ɗauka, Madam na dafe ƙirji. Ina kusa da Baba Hima na ji ya ce ƙasa-ƙasa, da Hausarsa ta mutanen Dandi, "Dutsen nan tun ina yaro nake gaishe shi, bai taɓa amsawa ba." Na cusa ƙyallen a baki don kada dariya ta fito.

Da rana ta take muka tsaya a wani yashi aka ci abinci. Ni aka bar wa kwanuka. Na yi yadda na saba: ruwan wanki na fari na juye a roba guda, na ɗauraya a wata, na jera su gefe. Mai dafuwar, Inna Gambi, mace ce gajeriya mai kauri, tun safe ba ta ce mini komai ba sai miƙo wannan, ɗauke wancan. Ta tsaya ta riƙe ƙugu tana duban robobina.

"Ke ɗiya, wa kike aje wa wannan?"

"Na fari na awaki ne, Inna. Na biyu a sake wanki da shi."

Ta dubi dama, gulbi. Ta dubi hagu, gulbi. "Ina awakin?"

Ta yi dariya har ta zauna bisa buhun gawayi. Ni kuwa ji na yi kamar in nutse. Sai dariyar ta tsaya. Ta kama haɓata ta ɗaga, ta dubi leɓena.

"Tun da kika zo kin sha ruwa?"

Na girgiza kai.

"Kuma bakinki ciwo yake da ba ki tambaya ba?"

"Ba a ba ni ba."

Ta faɗi wata magana da yarensu wadda na tabbata ba addu'a ta yi wa Kawu ba. Ta buɗe randarta, ta cika kofi ta miƙo mini da hannu biyu, yadda ake yi a gida. Sau uku tana cikawa. A kofi na uku hawaye suka zubo mini, ta yi kamar tana neman wuƙa.

Da muka juyo, Kawu ya sa na zauna can kan hancin jirgi don a ɗauke ni hoto ina mamakin ruwa. Madam ta ce in buɗe baki kaɗan. Muna cikin haka wani babban jirgin kaya ya taso daga gabanmu, an lafta masa buhuna har ya kusa nutsewa. Tun bai iso ba na ji warin. Albasa ce, irin tamu ja, ɗinkin bakin buhun ma irin na mutanenmu. Na bi ta da kallo kamar na ga ƴan'uwa a mota sun wuce ba su gan ni ba.

Igiyar ruwan da ya bari ta doke mu. Jirginmu ya tashi ya faɗa, kofuna suka zube, kafiten ya rungume mijin Madam da hannu biyu yana salati. Da abin ya lafa sai na ji wani sauti a ƙarƙashin ƙafafuna, kwal, kwal, yana tafiya daga gaba zuwa baya.

Baba Hima ya rage inji, ya taso ya ɗaga wani katako a tsakiyar jirgi, ya sa gwangwani ya fara kwarfa. Baƙin ruwa ne mai maiƙon inji. Ya cika bokiti ya zubar, ya sake cikawa.

Ban san lokacin da na sauko ba. "Baba, wannan ruwa daga ina?"

"Daga ko'ina. Jirgin katako kullum sha yake. Da asuba na kwarfe shi tas, yanzu ya sake taruwa."

"Har can baya, wurin girki?"

"Can ya fi yawa. Can ne gangare."

Kawu na kirana in koma, wai ba a gama hoto ba. Madam na tafa hannu kamar mai kiran kaza. Na san in na ɗaga katakon nan a gabansa ya ga maɓoyata. Na kuma san kowane numfashi da na yi a tsaye, ruwa na cin tawada. Na fizge shuɗin ƙyallen na yar, na bi ta tsakaninsu, na ture kwandon albasa, na zura hannu har kafaɗa.

Kallabin Inna ya fito yana ɗiga. Kwalin ya zama kamar tuwon da ya kwana a ruwa.

Na durƙusa da shi a hannu, na kasa ko kuka. Na kai yatsa zan buɗe, Inna Gambi ta doke hannuna.

"Kada ki ja! Yagewa za su yi."

Ta share faifai, ta kwantar da kwalin, ta ɗauko siririyar wuƙarta ta gyaran kifi. Ta riƙa zura bakin wuƙar tsakanin takarda da takarda, a hankali, tana hura iska, har ta raba su uku ba wadda ta yage. Ta shimfiɗa tsumma mai tsabta bisa murfin tukunyar shinkafa da ke da sauran ɗumi, ta jera su. Takardar haihuwa da shaidar birebe bugun inji ne, sun yi dabbare-dabbare da maiƙo amma sunana na nan, hatimin ma ana ganinsa. Takardar maki kuwa da biro Mushe Abdu ya cika ta. Duk makin da na sha wahalar samu ya narke ya zama shuɗin girgije. Saura layi guda a can sama da ruwa bai kai ba, na faransanci.

Inuwar Kawu ta rufe mu.

"Ashe nan kinka ɓoye su? Kin gani? Da kin ba ni da wannan bai faru ba. Yanzu wane direkta zai karɓi wannan ƙazanta? Kawo nan, in mun samu lokaci sai a nemo wasu."

Ya miƙo hannu. Inna Gambi ta gyara zama ta sa faɗin bayanta tsakaninsa da tukunyar, wuƙar na hannunta tana goge ta da zane.

"Kafiten, baƙinka na kira. Ka bar mata a wurin girkinsu."

"Ɗiyar ƴar'uwata ce!"

"Na sani. Waccan ma ɗiyar ƴar'uwarka ce. Teburinka ƙafa guda ce gajeriya, ta riga ta samu abin tokara."

Baba Hima ya yi tari mai kama da dariya. Kawu ya buɗe baki, sai Madam ta leƙo tana tambaya da faransanci wai me ƴar hamadar ta ɓoye, laya ce? A ɗaga mata ta ɗauki hoto.

Ban shirya ba, maganar ce ta fito da kanta. Na ce mata, da faransancin da Mushe Abdu ya koya mini, kowace kalma a mazauninta, "Ba laya ba ce, Madam. Shaidar jarrabawata ce. Kuma abin da kuka ɗauka ɗazu dutse ne."

Ta cire gilashin gaba ɗaya. Ashe ƙananan idanu gare ta. Abokan nan biyu suka ɗaga kai daga waya karon farko, suka dubi Kawu. Ya ja hularsa ya koma gaba, ya ci gaba da nuna wa jirgi hanyar da ya riga ya bi. Ni kuwa na zauna bisa buhun gawayi, kunya ta rufe ni kamar na yi sata.

Har muka hango gadar Malanbil ba wanda ya sake ce mini in buɗe baki. Rana ta yi sanyi. Inna Gambi na juya takardun ɗaya bayan ɗaya kamar mai tuyar masa. Sun bushe sun yi kumbo, suna warin shinkafa da man inji.

"Inna, za a karɓe su haka?"

"Hatimi ake dubawa. Na ga an karɓi waɗanda suka fi su muni." Ta ninke tsumman. "Amma an koma lekol tun makon jiya, benci na cika. Kuma direktan ba ya sauraron yarinya ita kaɗai. Sai da babba, wanda zai ce ga inda take kwana, ga wanda za a kira in ta yi ciwo."

Na dubi Kawu can gaba. Yana ba baƙin cukun Inna, yana ce musu daga raƙuman ubana aka tatso.

"Rabi fa? Ba ki..." Na kasa ƙarasawa.

"Shekara guda tana wanke kwanuka a nan inda kike zaune. Kullum ina jira ta ce mini wani abu. Ku mutanen tudu, ƙishirwa na kashe ku kuna kallon randa." Ta tsuke baki. "Ni ma da laifina. Na ce ba gidana ba ne."

Jirgin ya daki gaɓa. Baba Hima ya jefa igiya, ya ɗauki bokitinsa ya fara watsa ruwa bisa katako inda baƙin suka zubar da miya. Wannan karon ban ji haushinsa ba. Na naɗe takarduna cikin ledar cukun da Kawu ya yar, na cusa su cikin rigata, sama, kusa da wuya.

Tun da aka haife ni ban taɓa roƙon wanda ba danginmu ba ko da allura. Inna Gambi ta ɗora tukunya bisa kai, ta sa ƙafa guda a kan katakon sauka. Na kama gefen zanenta. Ta waiwayo, ta tsaya, ba ta taimake ni da ko kalma ba.

Na ce, "Inna, ki tafi da ni gidanki yau. Gobe da safe ki ɗaura zanenki mai kyau, ki raka ni wurin direkta. In ya tambaya, ki ce ni ɗiyarki ce."